Gasar Highland bayan tafiyar manya: me mai sayen tikiti yake samu?

Wanda ya biya kuɗin ƙofa domin ya kalli wasan ƙwallon ƙafa ciniki ya yi, kuma yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka ba shi a madadin kuɗinsa da yinin Asabar ɗinsa. Da wannan ido nake so in duba gasar Highland ta arewacin Sikotilan, wadda take mataki na biyar a tsarin ƙwallon ƙasar, domin ba kasafai ake samun gasar da aka kwashe mata manyan ƙungiyoyinta har sau uku cikin shekara 25 amma ta ci gaba da buɗe ƙofofinta kowane mako ba. A 1994 ƙungiyoyi uku suka fice, a 2000 biyu suka bi su, sannan a 2019 wadda ta fi kowa ƙarfi a lokacin ta yi gaba. Tambayar da ke gaban mai saye ita ce ko abin da ya rage a shagon bayan an kwashe na gaba-gaba ya cancanci a je a tsaya cikin sanyi dominsa.

Sai an san girman abin da ya tafi kafin a iya auna abin da ya saura. An kafa gasar a birnin Inverness a 1893, kuma ta shafe fiye da shekara ɗari tana rayuwa ita kaɗai, babu hanyar hawa zuwa gasar ƙasa, babu kuma ramin da na ƙarshe zai faɗa. A wancan zamani Inverness ce cibiya, tana da ƙungiyoyi uku masu tsananin hamayya da juna, wato Caledonian da Inverness Thistle da Clachnacuddin. Da hukumar gasar ƙasa ta yanke shawarar ƙara yawan ƙungiyoyinta daga 38 zuwa 40 a 1994, sai Caledonian da Thistle suka haɗe suka zama ƙungiya ɗaya, wadda daga baya aka sani da Inverness Caledonian Thistle, domin su samu gurbi, duk da cewa da yawa daga magoya bayansu sun ƙi wannan aure har zuci, kuma Ross County ta garin Dingwall ta karɓi gurbi na biyu. Shekara shida bayan haka aka sake ƙara gurabe biyu, Elgin City da Peterhead suka shiga. Cove Rangers ta gefen Aberdeen ita ce ta ƙarshe, kuma ita ta hau ne da ƙarfin ƙafarta, ta lallasa Berwick Rangers da ci 7 da nema a wasanni biyu na neman gurbi.

Idan aka tara kofunan gasar da waɗannan ƙungiyoyi shida suka ɗauka, lissafin yana da ban tsoro. Caledonian tana da 18, Elgin City 14, Inverness Thistle 8, Cove Rangers 7, Peterhead 5, Ross County 3, jimla 55 ke nan. Ba kofuna kaɗai suka tafi da su ba, sun tafi da manyan garuruwan yankin. Inverness da Elgin da Peterhead su ne wuraren da suka fi tara jama'a, saboda haka su ne suke kawo 'yan kallo masu yawa idan sun je baƙunci, kuma ƙaramar ƙungiya tana iya dogara da ranar da za su zo domin ta cike gurbin da ke asusunta. Wannan shi ne rashin da ba a taɓa mayar da shi ba, kuma duk wanda ya ce an mayar da shi yana faɗin abin da yake so ne kawai. Filin Telford Street na Caledonian da na Kingsmills na Thistle duk an rushe su, kuma wasan hamayyar cikin gari da ake raba iyalai a kansa ya mutu tare da su. Clachnacuddin ce kaɗai ta rage a Inverness, tana wasa a Grant Street Park, a inuwar wata ƙungiya da aka haifa daga tsofaffin abokan gabarta.

Shekarun farko bayan ficewar 1994 sun so su gaskata masu cewa gasar za ta zama filin mutum ɗaya. Huntly ta ɗauki kofi sau biyar a jere, daga kakar 1993/94 zuwa ta 1997/98, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Ko a wannan nasara akwai alamar ciwon da zai dawwama, domin Steve Paterson, kocin da ya fara ɗora Huntly a wannan turba, ya bar ta a 1995 ya koma sabuwar ƙungiyar Inverness, kuma shi ne ya jagorance ta lokacin da ta doke Celtic da ci 3 da 1 a Glasgow a watan Fabrairun 2000. Ma'ana, idan manyan ƙungiyoyi suka hau sama ba sa tafiya su kaɗai, suna komawa su zama kasuwar da ke janye duk wani koci ko ɗan wasan da ya nuna kansa a ƙasa. Yaron da a da zai yi shekara goma yana buga wa ƙungiyar garinsu, yanzu yana da wata ƙofa kusa da gida da zai ƙwanƙwasa, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsa.

Amma daga nan labarin ya juya ta inda ba a zata ba, kuma a nan ne nake ganin hajar ta fara nuna ainihin darajarta. Daga kakar 1999/2000 zuwa ta 2004/05, kaka shida ke nan, ƙungiyoyi shida daban-daban ne suka ɗauki kofin: Keith, sai Cove Rangers, sai Fraserburgh, sai Deveronvale, sai Clachnacuddin, sannan Huntly. Fraserburgh ba ta taɓa kofin ba tun 1938 sai a 2002. Deveronvale ta garin Banff ba ta taɓa ɗauka ba ko sau ɗaya sai a 2003. Clachnacuddin ta jira tun 1975 kafin ta sake ɗagawa a 2004, Buckie Thistle ta jira tun 1958 har zuwa 2010, Forres Mechanics kuma ta samu nata na biyu a 2012. Mai karatu ya ajiye wannan jeri kusa da na babbar gasar ƙasar, inda tun da Aberdeen ta ɗauki kofi a 1985 babu wadda ta sake taɓa shi in ba Celtic ko Rangers ba. Wanda ya sayi tikitin kaka a babbar gasa ya san tun watan Agusta cewa ɗayan biyu ne zai ci. Wanda ya saya a Highland bai sani ba, kuma wannan rashin sanin shi ne abin da ake sayarwa a ƙwallo tun asali.

Hausawa suna cewa faɗuwar wani tashin wani, amma a nan hawan wani ne ya zama tashin wani. Ƙungiyoyin da suka yi shekaru suna kallon kofi daga nesa sun samu sarari, kuma garuruwan da yawan mutanensu bai kai ya cika babban filin wasa ɗaya na Glasgow ba sun ga ana yawo da kofi a titunansu. Brora ƙauye ne a gabar tekun Sutherland da mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba, amma ƙungiyarsa Brora Rangers ta ɗauki kofinta na farko a 2014, ta maimaita a 2015, kuma tun daga nan ba a lissafin masu neman kofi ba tare da an ambace ta ba. Bayan tafiyar Cove a 2019 tsarin bai canja ba: Brora ta ci, Fraserburgh ta ci a 2022, Brechin City a 2023, Buckie Thistle a 2024, Brora ta sake karɓa a 2025. A 2023 sai a ranar ƙarshe aka raba gardama, inda Brechin ta je har gidan Buckie, wadda take gabanta a tebur, ta doke ta da ci 2 da nema. Shekara ta zagayo, su biyun suka ƙare da maki daidai, Buckie ta rama da bambancin ƙwallaye. Duk wanda ya tsaya a bakin fili a waɗannan ranaku biyu ba zai ce an cuce shi ba.

Yadda gasar ta cike gurbin da aka bari shi ma abin dubawa ne, domin a nan ne sunanta ya fara saɓa wa kayan da ke cikin kwalin. Wick Academy ta shigo a 1994 daga can ƙuryar arewa, Inverurie Loco Works a 2001, sannan Formartine United da Turriff United da Strathspey Thistle a 2009, wanda ya mayar da adadin 18. Brechin City ta faɗo daga gasar ƙasa a 2021, Banks O' Dee ta Aberdeen kuma ta maye gurbin Fort William a 2022. Idan aka duba taswirar kakar 2024/25, ƙungiyoyi biyar kacal ne suke cikin yankin mulkin Highland kansa, wato Brora da Wick da Clachnacuddin da Nairn County da Strathspey. Biyar suna Moray, shida suna Aberdeenshire, ɗaya tana cikin birnin Aberdeen, ɗaya kuma tana Angus. Nauyin gasar ya karkata gabas, kusa da Aberdeen, inda ake da yawan jama'a da kamfanoni masu iya ɗaukar nauyin ƙungiya da kuma 'yan wasan da manyan kulob suka sallama. Ban ɗauki wannan a matsayin laifi ba, domin babu gasar da za ta rayu da tarihi kaɗai, amma wanda ya zo yana tsammanin gasar tsaunuka da kwaruruka zai tarar da cewa yawancin wasanninta a garuruwan masunta da na manoma na arewa maso gabas ake buga su. Tafiyar Fort William ta raba gasar da gabar yamma gaba ɗaya, tare da filin Claggan Park da ke gindin dutsen Ben Nevis, wanda ko maƙiyin ƙungiyar bai taɓa musun kyansa ba.

Tunda an ambaci Fort William, ya kamata a faɗi gaskiya game da ƙasan tebur, domin nan ne hajar take da rauni mafi muni. Tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyi biyar ko shida na sama da uku ko huɗu na ƙasa tana da faɗi ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne a tashi wasa da ci bakwai ko takwas babu ko ɗaya. Fort William ta ƙare kakar 2018/19 ba ta ci wasa ko ɗaya ba, kuma bayan an zabtare mata maki saboda ta sa ɗan wasan da bai cancanta ba, sai ta ƙare da maki bakwai ƙasa da sifili. Ta yi fiye da shekara biyu ba ta ga nasara ba kafin ta doke Nairn County a wasan kofi a 2019. Labarin ya ja hankalin 'yan jarida daga nesa, an yi ta tausaya musu ana yaba juriyarsu, amma mai biyan kuɗin ƙofa bai zo kallon tausayi ba. Shekara da shekaru babu faɗuwa daga gasar, saboda haka ƙungiya tana iya zama ta ƙarshe sau da yawa ba abin da zai same ta. Yanzu an buɗe ƙofa ta ƙasa, sai dai ba kowace shekara ake amfani da ita ba, domin dole zakaran ƙananan gasanni ya mallaki lasisin hukumar ƙwallon ƙasa kafin a ba shi damar karawa da ta ƙarshe. Shawarata ga mai son zuwa kallo ita ce ya duba tebur kafin ya duba taswira, domin wasa tsakanin ta biyu da ta huɗu wani abu ne daban da wasa tsakanin ta biyu da ta goma sha takwas, alhali kuɗin shiga kusan ɗaya ne.

Yanzu sai batun da na fi jin nauyinsa, wato tsanin hawa. Tun daga kakar 2014/15 zakaran Highland yana karawa da zakaran gasar Lowland ta kudu, wanda ya yi nasara kuma ya kara da ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a mataki na huɗu na gasar ƙasa. A takarda wannan adalci ne, domin ya kawo ƙarshen zamanin da sai an zauna an jefa ƙuri'a kafin ƙungiya ta samu shiga. A aikace kuwa, daga 2015 zuwa 2025 zakaran Highland ɗaya tak ne ya haye, wato Cove, ita ma sai a gwaji na uku, bayan Edinburgh City ta tare ta a 2016 kuma Cowdenbeath ta hana ta a 2018. A tsawon wannan lokaci ƙungiyoyi biyar na Lowland sun hau: Edinburgh City da Kelty Hearts da Bonnyrigg Rose da Spartans da East Kilbride. Brora ta kai wasan ƙarshe a 2015, ta ci Montrose a gida, ta je can aka juye mata lissafi. A 2020 annobar korona ta sa aka soke wasannin neman gurbin baki ɗaya, Brora ta zauna da kofi a hannu babu inda za ta kai shi.

Abin da ya faru da Buckie Thistle a 2024 ya fi duk waɗannan ciwo. Ƙungiyar ta yi wasanni 34, ta ɗauki kofi da ƙyar da gumin goshi, sannan kwanaki kaɗan kafin wasanta da East Kilbride aka sanar cewa ba ta cika sharaɗin lasisin da gasar ƙasa take buƙata ba, saboda haka ba za ta buga ba. Ba ni da ja da cewa a gindaya sharuɗɗa kan fili da fitilu da kula da lafiyar 'yan wasa, domin ƙwallon ƙasa yana buƙatar ma'auni. Abin da nake ja da shi shi ne a bar mai kallo ya bi kaka guda yana zaton ana tseren zuwa wani wuri, sai a ƙarshe ya ji cewa ƙofar a kulle take tun farko. Duk shagon da ya rubuta kyauta a allo ya kamata ya faɗa tun da wuri wanda ya cancanci karɓarta. Misalin Cove ma yana koyar da wannan darasi ta wata fuska, domin sai da ta bar tsohon filinta na Allan Park, ta yi shekaru tana aron filayen wasu, ta gina Balmoral Stadium wanda aka buɗe a 2018, kafin hawan ya yiwu. Ba ƙwarewar 'yan wasa kaɗai ke hawa da ƙungiya ba, sai da siminti da takardu.

Akwai kuma wata tambaya da ba a cika yinta da babbar murya ba, amma tana nan a zukatan mutanen yankin: shin hawan ma abin so ne? 'Yan wasan Highland ba ƙwallo ce sana'arsu ta cikakken lokaci ba, ma'aikata ne da suke atisaye da yamma bayan an tashi daga aiki. Ƙungiyar da ke Sutherland, idan ta hau mataki na huɗu, za ta riƙa tafiya har kudancin ƙasar kusan kowane mako biyu, ta rasa wasannin maƙwabta da ke kawo mata jama'a, ta kuma nemi 'yan wasan da za su yarda su ba da dukan ranar Asabar da wani ɓangare na darenta a kan hanya. Saboda haka kofin Highland yana da fuska biyu, ga wasu mataki ne na wucewa, ga wasu kuma shi ne ƙarshen buri. Ni dai na fi karkata ga ganin cewa wannan ruɗani bai rage wa gasar armashi a fili ba, domin ɗan wasan da ke gudu a minti na 89 ba lissafin kuɗin motar baɗi yake yi ba.

Yana da kyau a waiwayi waɗanda suka tafi, ko don a san abin da ake kwatantawa da shi. Inverness Caledonian Thistle ta kai babbar gasa, ta ɗauki kofin Sikotilan a 2015 bayan ta doke Falkirk da ci 2 da 1. Ross County ta kai wasan ƙarshe na wannan kofi a 2010, ta kuma ɗauki kofin lig a 2016 a hannun Hibernian. Waɗannan nasarori sun tabbatar da abin da mutanen arewa suka daɗe suna faɗa, cewa an tsare su a waje ne ba don ba su iya ba. Amma Elgin City, wadda take sarauniya a Highland, tun da ta shiga a 2000 ba ta taɓa barin matakin ƙasa na gasar ƙasa ba. Cove ta yi sauri ta kai mataki na biyu a 2022, ta dawo baya bayan kaka ɗaya. Inverness kuwa bashi ya kai ta ga shiga hannun masu kula da kamfanonin da suka durƙushe a watan Oktoban 2024, aka cire mata maki 15. Mutumin Elgin da ya haura shekara hamsin yana da dalilin da zai tambayi kansa ko musayar wasannin Buckie da Forres da Keith da aka yi da baƙi daga nesa waɗanda ba su zuwa da jama'a ta biya kuɗin sabulu.

Dangane da ingancin wasan kansa, ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne kofin Sikotilan, inda ƙanana suke haɗuwa da manya. A watan Maris na 2021 Brora ta fitar da Heart of Midlothian, wato Hearts, da ci 2 da 1 a Dudgeon Park, alhali Hearts tana jan ragamar mataki na biyu kuma watanni uku kafin nan ta buga wasan ƙarshe na kofin. Abin takaicin shi ne dokar annoba ta hana 'yan kallo shiga, wato mafi girman dare a tarihin ƙungiyar an yi shi ne a fili babu kowa. Irin wannan ba ya faruwa kullum, kuma bai kamata a sayar da gasar da shi ba: Buckie ta je gidan Celtic a Janairun 2024 ta sha 5 da nema. Matsayin gaskiya yana tsakanin waɗannan biyu. Manyan Highland suna iya tsayawa da ƙungiyoyin mataki na huɗu su ba su wahala, kuma wasansu yana da gudu da ƙarfi da yawan ƙwallaye, ko da yake wanda ya saba da kallon ƙwararru a talabijin zai ga kurakuran da za su sa shi dafe kai.

Ranar wasa ita ce inda gasar ta fi ƙarfin masu gasa da ita. Kuɗin shiga bai kai rabin abin da ake biya a babbar gasa ba, kuma mai kallo yana tsaye ne dab da layi, yana jin abin da koci yake faɗa wa mai tsaron baya da abin da mai tsaron baya yake mayar wa alƙalin wasa. Babu na'urar sake duba hukunci da za ta tsayar da murna minti uku, ƙwallo ta shiga ta shiga. Kowane fili yana da halinsa: Glebe Park na Brechin yana da shingen shuka a gefe guda maimakon bango, Bellslea Park yana tsakiyar garin Fraserburgh da coci a bayansa, Harmsworth Park na Wick kuma yana da gangara da iskar da take sa dogon bugu ya koma inda ya fito. Yawancin masu karɓar kuɗi a ƙofa da masu gyaran ciyawa 'yan sa kai ne, kuma ana ganin hakan a yadda suke tarbar baƙo.

Sai dai wannan kusanci yana da farashinsa. Rumfunan zama ƙanana ne, a wasu filayen mafi yawan jama'a a sarari suke tsayawa, kuma hunturun arewacin Sikotilan ba ya wasa da kowa. Yawancin filayen ciyawa ce ta ainihi, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu ƙanƙara da ruwa suna sa a ɗage wasanni da yawa, sai a tara su a daren Laraba cikin Maris da Afrilu, 'yan wasan da suka wuni a wurin aiki su riƙa buga wasa uku cikin kwana takwas a daidai lokacin da ake yanke hukuncin kofi. Na taɓa yin tafiyar sa'o'i zuwa wani fili, ina isa na tarar an duba ciyawa an ɗage wasan, kuma sanarwar ba ta fito ba sai ina tsakiyar hanya. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin babu mai iko da sama, amma darasin ya zauna mini: kada mutum ya bar gida a lokacin sanyi sai ya tabbatar an gama duba fili. Nisan ma ba ƙarami ba ne, tsakanin Wick da Brechin ya haura mil 200, kuma wasu garuruwan kamar Buckie da Banff da Fraserburgh da Turriff ba su da tashar jirgin ƙasa, sai mota.

Ga wanda yake nesa kuwa, hidimar tana da ƙaranci. Ba a nuna wasannin gasar kai tsaye a talabijin kowane mako kamar na manya, abin da ake samu shi ne rahotannin jaridun yankin, musamman Press and Journal ta Aberdeen, da gajerun bidiyon da ƙungiyoyi suke sakawa a intanet, waɗanda ingancinsu ya danganta da wanda ya riƙe kyamara a ranar. Wannan gasa ce da aka gina domin wanda zai zo da ƙafarsa.

Hukuncina shi ne tikitin ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin mai saye ya zaɓi ranarsa. Wanda yake neman cikar jama'a irin ta zamanin da Caledonian take karɓar Thistle ba zai same ta ba, kuma wanda yake son ya bi ƙungiya daga nan har babbar gasa ya sani cewa sau ɗaya aka haye wannan tsani cikin shekara goma sha ɗaya. Amma wanda yake son ya ga kofin da ba a san mai shi ba sai makon ƙarshe, ya nemi wasa tsakanin biyu daga cikin na saman tebur a watan Afrilu, Buckie da Fraserburgh ko Brora da Banks O' Dee, ya sa riga mai kauri, ya kuma isa fili da wuri domin ya samu wurin tsayawa a gefen da rumfa take kare iska.